Zumunta a Ƙafa Take: Yadda Za Ka Yi Amfani da Waya Ba Tare da Ka Rasa Mutanenka Ba

Da Hausawa suka tashi raɗa wa Facebook da WhatsApp da ire-irensu suna, sai suka kira su shafukan sada zumunta, kuma wannan suna alkawari ne mai nauyi, domin a wurinmu zumunci ba hira ba ce kawai. Zumunci shi ne ka san halin da ɗan'uwanka yake ciki, ka tsaya masa ranar farin ciki da ranar baƙin ciki, ya ga fuskarka a ƙofar gidansa ba tare da ya aika a kira ka ba. Abin da nake gani a gidajenmu yau shi ne mutum yana cikin zauruka ashirin na WhatsApp, yana da abokai dubu biyar a Facebook, amma gwaggonsa da ke unguwa ɗaya da shi ta yi wata uku ba ta sa shi a ido ba. Wannan rubutu na wanda ya lura da haka a kansa ne, yake kuma neman hanyar gyara ba tare da ya jefar da wayar ba, tunda a yau sana'a da karatu da aikawa da kuɗi duk sun rataya a wuyanta.

Waɗanda suka yi wayo kafin shekarar 2001 suna tuna yadda saƙo yake tafiya a da. Wayar tarho ta NITEL tana gidaje ƙalilan ne, galibi na manyan ma'aikata da attajirai. Sauran jama'a kuwa sai a rubuta wasiƙa a kai tasha a damƙa wa direba, ko a aika gaisuwa a shirin zaɓi sonka na rediyo, ko kuma mazauna Makka da Madina su naɗi muryarsu a kaset su ba alhazai su kawo gida, a taru a tsakar gida ana saurare ana hawaye. A watan Agustan 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, lokacin da kuɗin layi ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, sannan Glo ya shigo a 2003 da cajin kira a kan daƙiƙa. A duk tsawon wancan zamani, saƙo yana da tsada, saboda haka yana da daraja. Wanda ya aiko maka da gaisuwa ya sha wahala kafin ta iso. Yanzu gaisuwa ta zama kyauta, mutum ɗaya yana iya tura ta ga mutum ɗari cikin minti guda, kuma mai karɓa ya san haka sarai. Daga nan ne matsalar ta faro, kuma daga nan ya kamata gyara ya fara.

Fara da auna kanka

Kafin ka canja komai, ka ɗauki mako guda kana duba yawan lokacin da kake ɓatarwa a waya. Tun shekarar 2018 wayoyin iPhone suna da wani sashe mai suna Screen Time, na Android kuma suna da Digital Wellbeing, dukansu a cikin saitin waya, kuma suna nuna awa nawa ka yi a kowace manhaja da kuma sau nawa ka buɗe wayar a yini. Ka rubuta adadin a takarda kowane dare. A ƙarshen mako sai ka buɗe jerin kiran da ka yi, ka duba ranar ƙarshe da ka kira mahaifiyarka, da kawunka, da abokinka na ƙuruciya, da malamin da ya koya maka karatu. Idan ka ajiye lissafin biyu kusa da juna, ba ka buƙatar kowa ya yi maka wa'azi.

Kada ganin adadin ya sa ka ɗauka kai kaɗai ne mai rauni. Kamfanonin nan da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka a shafinsu gwargwadon tallan da za su nuna maka, shi ya sa aka gina shafukan yadda ba su da ƙarshe, kana ja sama wani abu yana sake fitowa, bidiyo na ƙarewa wani na farawa da kansa. A shekarar 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka gwada ɗalibai 143, suka taƙaita wa wani rukuni amfani da Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma ga kowanne a yini har tsawon mako uku, sai aka ga kaɗaici da damuwa sun ragu a wannan rukuni fiye da waɗanda aka bari suna yi yadda suka saba. Ɗalibai ne na wata ƙasa, rayuwarsu ba irin tamu ba ce, amma abin da aka gano ya dace da abin da kowannenmu yake ji a jikinsa idan ya kwana yana kallon rayuwar wasu.

Rubuta sunayen mutanenka

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Robin Dunbar, ya yi fice da ra'ayin cewa mutum ba ya iya riƙe dangantaka ta gaske da fiye da mutum 150 ko kusa da haka, kuma a cikinsu akwai kamar biyar na ƙut da ƙut, sai kamar goma sha biyar, sai hamsin. Masana suna jayayya a kan ainihin adadin, amma ma'anar a bayyane take, wato lokacin mutum da zuciyarsa suna da iyaka. Zauren WhatsApp guda kuwa tun 2022 yana ɗaukar mutum 1,024. Idan ka bar waya ta zaɓa maka wanda za ka ba lokacinka, za ta ba wanda ya fi yawan surutu ne, kuma tsofaffinmu ba su cikin masu surutu a intanet.

Saboda haka ka samu littafi ka rubuta sunaye da hannunka: iyaye, da kakanni idan suna raye, da 'yan'uwa na jini, da kawunnai da gwaggonni da innoni da baffanni, da surukai, da maƙwabta na kusa, da aminai biyu ko uku. A gaban kowane suna ka rubuta abin da ya dace da shi, ko ziyara duk mako, ko kira duk Juma'a, ko leƙawa sau ɗaya a wata. Ka sa alama ta musamman a kan waɗanda ba su da babbar waya, ko ba su iya karatu ba, ko mazajensu sun rasu sun bar su da marayu, domin su ne intanet ta fi saurin shafe su daga tunanin dangi. Ka kuma sa sunan ɗan'uwan da ba ya nemanka. Hadisi ya zo a Bukhari cewa mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, mai sada zumunci shi ne wanda idan an yanke masa sai ya sadar.

Kowace magana da hanyarta

Wannan shi ne ginshiƙin al'amarin, kuma a nan zan daɗe. Hanyoyin isa ga mutum uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba: ƙafa tana sama, murya tana biye, rubutu yana ƙasa. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukar maganar da ta cancanci ƙafa mu ba rubutu, don kawai shi ya fi sauƙi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma rubutu ba shi da fuska. Ɗan'uwanka yana iya rubuta maka "lafiya lau" alhali ya kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba, kuma ba zai taɓa faɗa maka ba saboda kunya da kara, amma da ka zauna a zaurensa minti goma da ka gane daga yanayin yaransa da shirun matarsa.

Mutuwa ita ce ta farko. Kada ka sanya labarin rasuwa a status ko a Facebook sai ka tabbata an sanar da iyaye da 'ya'ya da mata ko miji da 'yan'uwan mamacin baki da baki. Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina, domin wata ƙanwar mahaifiyata da ke aure a wani gari ta ga hoton yayanta a status ɗin wani yaro na dangi, an rubuta addu'ar mamaci a ƙasa, tana tsakiyar girki, babu kowa kusa da ita sai ƙananan yara. Yaron bai yi da mugun nufi ba, gani yake ya sanar da jama'a don su samu jana'iza, amma har yau idan ta tuna ranar sai muryarta ta canja. A al'adarmu akan zaɓi babba mai natsuwa ya je ya zauna, ya fara da nasiha, ya tabbata akwai wanda zai riƙe mutum, sannan ya faɗa. Idan nisa ya hana, sai a kira wani dattijo ko maƙwabci a garin a roƙe shi ya je ya isar. Bayan makusanta sun ji, to a nan waya tana da amfani ƙwarai wajen sanar da lokaci da wurin jana'iza, tunda muna gaggauta binnewa. Hoton gawa kuwa, ko na majinyaci a gadon asibiti, ko na wanda ya yi haɗari a hanya, kada ka ɗauka, kada ka tura, kuma idan an turo maka ka goge, ka gaya wa wanda ya turo cikin ladabi cewa mutumin yana da iyali.

Ta'aziyya ma haka take. Rubuta "Allah ya jiƙansa" a ƙarƙashin hoto addu'a ce, Allah ya karɓa, amma ba ta ɗauke maka zuwa ba idan kuna gari ɗaya. Ka je ka zauna a tabarma ko da na minti goma sha biyar ne, wayarka tana aljihu a kashe ko a shiru, domin babu abin da ya fi muni kamar zaman makoki da rabin mutanen wurin sun sunkuyar da kai suna latsa waya, wani ma har dariya tana kuɓuce masa. Idan kana nesa ka kira da murya, ka kira wanda aka yi wa rashin da kansa, sannan ka sake kira bayan mako biyu ko uku, lokacin da jama'a sun watse gida ya yi shiru, domin a lokacin ne mutum ya fi buƙatar ya ji ana tunawa da shi. Duba mara lafiya da raka jana'iza suna cikin haƙƙoƙi shida na Musulmi a kan ɗan'uwansa da suka zo a hadisin Muslim, kuma maƙwabtanmu Kirista ma sun san nauyin waɗannan abubuwa a addininsu.

Gayyatar biki ko suna tana da nata ladabi. Katin da aka tura a zaure ya isa ga abokan aiki da abokan makaranta. Kawunka kuwa, ko aminin mahaifinka, ko matar da ta yi renonka, idan suka ga gayyatar aurenka a WhatsApp kamar kowa, to ka gaya musu matsayinsu ke nan, ko da ba ka nufa ba. Waɗannan sai ka je da kanka ko ka aika babba, da goro ko alewa kamar yadda aka saba, ka durƙusa ka sanar. Haka ma barka da Sallah: hoton rago ko na jinjirin wata da aka tura wa kowa da kowa ba ya maye gurbin yawon Sallah. Idan dole sai rubutu, ka ambaci sunan mutumin, ka tambayi iyalinsa da sunayensu, ya san shi ka nufa.

Saɓani da neman gafara da maganar aure da maganar gado da bashi tsakanin 'yan'uwa, duk kada a yi su a rubuce. Rubutu ba ya ɗauke da sautin murya, mai karantawa shi yake sa masa sautin da ke zuciyarsa, idan yana fushi sai ya karanta "to shi ke nan" a matsayin gatse. Ga shi kuma rubutu yana zama, ana iya ɗaukar hotonsa a nuna wa wani bayan shekara guda, a tayar da abin da ya riga ya mutu. Idan ka ga hira a rubuce ta fara zafi, ka dakata ka rubuta cewa za ka kira ko za ka zo, sannan ka cika alkawarin a ranar.

Akwai kuma ladabin rubutun kansa. Matasa sun saba da gajerun kalmomi irin su "slm" da "ykk" da "lfy" a tsakaninsu, kuma wannan ruwansu ne. Ga babba kuwa sai cikakkiyar sallama, da "Baba, barka da yamma, an wuni lafiya?" ko "Hajiya, ina kwana, ya ƙarfin jiki?", da jam'in girmamawa inda aka saba, kamar yadda za ka yi da a gabansa kake tsugune. Yi wa babba filashin don ya kira ka rashin ladabi ne, sai dai idan shi ya ce ka riƙa yi.

Zauren dangi

Kusan kowane gida yanzu yana da zaurensa na WhatsApp, kuma na ga wanda ya haɗa kan zuriya da ta warwatsu, na kuma ga wanda ya raba wa da ƙani. Bambancin yana ga ƙa'ida. Ku zaɓi shugaban zaure mai haƙuri wanda ake jin maganarsa, ba lalle wanda ya fi iya waya ba, ku amince tun farko a kan abin da aka kafa zauren dominsa, wato sanarwar haihuwa da aure da rashin lafiya da taron dangi da taimakon juna. Muhawarar siyasa da ta ƙungiyoyin addini a kai ta wani wuri, domin zaɓe yana wucewa, amma kalmar da ka gaya wa ɗan baffanka a gaban mutum tamanin ba ta wucewa. Idan wani ya yi kuskure, shugaban ya kira shi a gefe. Idan ana tara gudunmawa, ma'aji ya riƙe lissafi ya faɗi jimilla, kada a jera sunaye da adadin da kowa ya bayar, saboda wanda ya ba da dubu ɗaya daga cikin dubu ukun da yake da ita zai ji kunya a gefen wanda ya ba da dubu ɗari, gobe kuma sai ya yi shiru ya janye jikinsa. Idan surutun zaure ya dame ka, ka sa shi a shiru, kada ka fita, domin fita daga zauren dangi ana karanta ta a matsayin fushi.

Tura saƙon da ba a tantance ba shi ne babbar cutar zaurukan nan. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya yana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya. Mutane suka riƙa tashin 'yan'uwansu da asuba saboda ƙauna, kuma aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar da su a asibiti. Shi kansa kamfanin WhatsApp ya ga illar abin, a Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda a duk duniya, a Afrilun 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yawaita turawa zuwa wuri ɗaya tak, kuma irin wannan saƙo yana zuwa da alamar kibiya biyu a samansa. Idan ka ga wannan alama, ka ɗauka ba ka san asalin maganar ba. Ka duba ko gidajen labarai da aka sani sun kawo ta, ka duba kwanan wata, domin sau da yawa tsohon bidiyo ne na wata ƙasa ake cewa jiya ya faru a garin kaza. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike idan labari ya zo, kuma hadisi a Muslim ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Maganar magani, da ta hari, da ta zargin wani mutum ko wata ƙabila, su ne suka fi cancantar ka riƙe hannunka. Idan dattijo ne ya turo ƙaryar, kada ka ƙaryata shi a zaure, ka kira shi ka ce ka bincika ka ga abin ba haka yake ba, ka bar shi ya janye da kansa.

A cikin gida

Ka ware lokuta uku da waya ba ta da wuri a cikinsu: lokacin cin abinci, da lokacin da baƙo yake zaune, da awa ɗaya kafin barci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wanda ya taso daga wata unguwa ya zo wurinka, kana amsa masa da "uhm" idonka na kan waya, ba zai yi ƙorafi ba, zai dai rage zuwa. Idan kira mai muhimmanci ya shigo, ka nemi izini ka amsa a taƙaice. Da dare ka sa wayar caji nesa da shimfiɗa, a falo idan zai yiwu, ka sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashin asuba. Ka shiga saiti ka kashe sanarwar duk manhajojin da ba mutum ne yake nemanka kai tsaye ba, ka bar kira da saƙon mutanen da ke cikin littafinka.

Tsakanin miji da mata abin ya fi laushi. Maigida ya dawo daga kasuwa ko ofis, ya ci abinci, ya jingina ya buɗe waya har barci ya ɗauke shi, uwargida da ta wuni tana jiran wanda za ta yi magana da shi ita ma ta ɗauki tata, a haka shekara take wucewa ba a yi faɗa ba kuma ba a yi hira ba. Ku sa wa kanku rabin awa bayan sallar isha'i, wayoyi a ajiye. Ku kuma yi hattara da alamar shuɗi da WhatsApp ya shigo da ita a 2014 mai nuna an karanta saƙo, da alamar da ke nuna mutum yana kan layi, domin sun haddasa zargi mai yawa a gidaje. Mutum yana iya karanta saƙo yana tuƙi ko yana gaban maigidansa. Ana iya kashe alamomin a saiti, amma kyautata zato ya fi kashe su amfani. Yara kuwa abin da suka ga kana yi shi suke ɗauka, kuma uban da yake tsawata wa ɗansa a kan waya alhali tasa tana hannunsa ya san amsar da yaron yake riƙe da ita a ciki. Ka riƙa tafiya da su ziyarar dangi, su san gidajen da ƙafarsu, su iya gaisuwa, su san wane ne wane.

Abin da kake wallafawa kullum

Da yawa daga cikinmu sun saba ba sa wuni sai sun sa wani abu a status ko a Facebook. Kafin ka sa, ka tambayi kanka wa zai gani. Hoton sabuwar mota ko na tebur cike da abinci, ɗan'uwanka da ka ce wa ba ka da kuɗi makon jiya shi ma zai gani, maƙwabcinka da yaransa suka kwana da yunwa shi ma haka. Kada ka sa hoton wani sai da izininsa, musamman matan aure a wurin biki da 'ya'yan mutane. Kada ka sanar da tafiya kana kan hanya, ko makarantar da yaranka suke, saboda halin tsaro da kowa ya sani, ka bari sai ka dawo. Habaici a status kuwa, irin na "wasu mutane sai a bar su da halinsu", mutum ɗaya kake nufi amma goma za su ɗauka da su kake. Idan kana cikin fushi ka rubuta abin da ke ranka a takarda ka bar shi ya kwana, domin magana zarar bunu ce, kuma ko ka goge bayan minti biyar wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Waɗanda suke nesa

A nan ne waya take cika sunan da aka raɗa mata, kuma zalunci ne a hana ta yabonta. Ɗalibin da ke Alƙahira ko Malesiya, da 'yar'uwar da ke aure a Zangon Kumasi ko Nima a Accra, da dangin da kakanninsu suka tsaya a Sudan a hanyar Hajji, da ɗan ci-rani a Legas ko Agadas, a da sai a shekara ba a ji ɗuriyarsu ba, yau kaka tana ganin jikanta ranar da aka haife shi. Abin da ake buƙata shi ne tsari. Ku tsayar da rana da lokaci, misali kowace Juma'a bayan la'asar, kuna la'akari da bambancin agogo: Ghana tana bayan Nijeriya da Nijar da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Malesiya da awa bakwai. Kiran da aka san lokacinsa ana shirya masa, a tara yara, a kai wa tsohuwa wayar har ɗakinta. Ga iyayen da ba su karatun boko, saƙon murya ya fi komai, kusan shi ne kaset ɗin da ya dawo, sai dai ka yi shi a natse, ka fara da cikakkiyar gaisuwa, ka kuma tabbata akwai yaron da zai kunna musu. Idan kana tura musu kuɗi ta banki ko ta mai POS, ka biyo da kira, kada ƙarar shigar kuɗi ta zama ita kaɗai ce muryarka da suke ji.

Kada kuma ka dogara da sabis ɗari bisa ɗari. A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka yi makonni ba su ji daga iyayensu ba, wasu sai sun yi tafiya zuwa wani gari kafin su yi kira ɗaya, aka koma ba direbobi wasiƙa a tasha. Waɗanda suka fi samun sauƙi a lokacin su ne waɗanda suka san maƙwabtan iyayensu, suka san direban da ke bin hanyar garinsu. Saboda haka a bayan littafin nan da ka rubuta sunaye, ka kwafe lambobin mutum ashirin mafi kusa da kai da biro, ka ƙara da lambar maƙwabci ɗaya da ta limamin unguwa ko mai unguwa a duk garin da kake da tsoho, ka kuma je ka gaishe su da kanka a zuwanka na gaba, domin su san fuskar wanda zai kira su wata rana da tsakar dare ya ce don Allah a leƙa masa mahaifiyarsa.